Babi na Shida: Taimin Bel, Robar da Ba Ta Gargaɗi

Wanda ya je sayen motar Kwatano yakan zagaya ta sau biyu ko uku. Ya ƙwanƙwasa jikinta ya ji ko an yi ciko, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ko tana yoyon mai, ya kunna esi, ya sa yaro ya taka totur shi kuma ya kasa kunne. Dillali na gefe yana ta zuba: "Alhaji, wallahi mace ce ta hau ta a can, daga gida sai wurin aiki." Duk abin da aka duba a wannan zagaye, ko dai ido na ganinsa ko kunne na jinsa. Abin da ya fi su iya karya aljihu kuwa yana ɓoye a bayan wani baƙin murfi a gefen inji, kuma mai saye ɗaya cikin da yawa ne zai tambayi labarinsa. Kanikawa suna kiransa taimin bel.

A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka, a samansa kuma akwai bawul-bawul. Wasu su buɗe iska da mai su shiga, wasu su buɗe hayaƙi ya fita. Fistin ɗin suna juya wani dogon ƙarfe a ƙasan inji, wato kiranshaf, su kuma bawul wani ƙarfen ne a sama, kamshaf, yake danna su. Dole tafiyar waɗannan ƙarafa biyu ta zo daidai: kiranshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Bel mai haƙora shi ne ya ɗaure su wuri guda. Idan allurar inji tana kan 3,000, kamar yadda takan kasance a kan babban titi, kiranshaf yana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. Wannan lissafi gaba ɗaya yana rataye ne a kan ɗamarar roba da aka ƙarfafa cikinta da zaren gilashi, wadda faɗinta bai wuce yatsu biyu ba.

Ba shi ne fambel ba, kuma nan ne ruɗani ya fi yawa. Fambel a waje yake, da an ɗaga bonet za a gan shi yana juya altaneta da esi da famfon sitiyari. In ya tsufa yakan yi ƙara da safe, duk unguwa ta ji. Sau da yawa mai mota zai dafa ƙirji ya ce ai bai daɗe da canza bel ba, alhali fambel ɗin ne aka canza masa.

Dattawan direbobi da suka yi zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ba su san wannan damuwa ba, domin sarƙar ƙarfe ce a cikin injinta. Wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Glas ne ya fara fito da motar kasuwa mai bel a farkon shekarun 1960, sannan Fiat da Pontiac suka biyo baya a 1966. Dalilan masu ƙera mota a fili suke: bel ba shi da nauyi, ba ya ƙara, ba ya buƙatar mai, ga araha. A shekarun 1980 da 1990 ya mamaye ƙananan motocin Japan da na Turai. Daga baya aka sake juyawa, kamfanoni da yawa suka koma sarƙa daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar na 2000. Motocin wancan tsakani su ne har yau suka cika tashoshi da wuraren dillalai daga Legas zuwa Maraɗi, shi ya sa tambayar farko ba "yaushe za a canza" ba ce. A fara sanin ko motar ma tana da bel ɗin.

Sunan mota kaɗai ba ya ba da amsa, sai an san injin da ke ciki. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, wadda ake kira Baby Boy, bel gare ta, ko mai silinda huɗu ko mai shida. Wadda ta biyo ta daga 2003, End of Discussion, in mai silinda huɗu ce sarƙa ce, in V6 ce bel ne, alhali jikinsu ɗaya, an jera su ba za a bambance ba sai an buɗe bonet. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai inji 2.2 bel ce. Ta 2002 mai inji 2.4 sarƙa, amma 'yar'uwarta V6 ta ci gaba da bel har 2006. Corolla ta Amurka ta koma sarƙa tun 1998. Sienna tana da bel har zuwa ƙirar 2006, daga 2007 sarƙa. Lexus RX300 da RX330 bel, RX350 sarƙa. Golf 3 da ke jigilar fasinja tsakanin garuruwan Arewa, da Peugeot 406, yawancin injinansu na bel ne. Duk bakaniken da ya ce wa mai Corolla 2005 ya kawo kuɗin taimin bel, ko dai bai san aikinsa ba, ko ya san shi fiye da kima.

Sarƙa ma ba ta da alƙawarin har abada. Tana miƙewa idan ana wasa da juyen baƙin mai, amma ita takan yi ƙarar kacau-kacau lokacin tayar da inji da sanyin safiya, ta ba mai ita wa'adi.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: in bel ɗin ya tsinke, me zai biyo baya? Injina iri biyu ne. A wasu, an bar isasshen fili tsakanin kan fistin da bawul, ko bawul ya tsaya a buɗe fistin ba zai kai gare shi ba. Injin 2.2 na waccan Camry irinsu ne. Bel ya tsinke, mota ta mutu, a sa sabo a daidaita, a ci gaba da tafiya. A wasu kuwa, don a matse iska sosai a samu ƙarfi da tsimin mai, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga, sai dai kowa da lokacinsa, kamar kishiyoyi masu madafi ɗaya, kowa da ranar girkinta. Bel shi ne mai raba kwanan. Da ya tsinke, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, kiranshaf kuma yana ci gaba da juyawa saboda mota na gudu. Fistin ya taso ya sami bawul a hanyarsa. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne bawul su lanƙwashe, a sauke kan inji a kai wa masu gyaransa. In da ƙarar kwana, kan bawul ya karye ya faɗa cikin silinda, ya huda fistin, ya karce bango, sai maganar sabon inji. Injinan Honda masu bel da aka ambata irin wannan ne, haka na 406 mai bawul 16, haka kusan duk injin da ke shan gas.

Direban da abin ya taɓa samu ba ya manta yadda yake. Inji ya ɗauke ba tari ba atishawa, fitilun gaban sitiyari su kama gaba ɗaya, sitiyari ya yi tauri, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu ya zama kamar dutse. In aka murɗa makulli, kik zai juya da sauri da wata irin murya mai santsi, saboda babu matsin iskar da ke riƙe shi. A nan ne mutanen kirki sukan taru su ce, "Malam, sa ta a giya biyu mu tura." Kowane juyi da aka ƙara wa injin da fistin ke haɗuwa da bawul, ɓarna ake ƙarawa. Abin yi shi ne a zare makulli a nemi janwe.

Har mai injin da ba ya cin kansa bai tsira gaba ɗaya ba. Bel ba ya zaɓen wurin tsinkewa, kuma akwai hanyoyi a ƙasar nan da ba wanda ke son ya tsaya a kansu bayan magariba da iyali a mota.

Masu ƙera mota sun ba da wa'adin canza bel, yawanci tsakanin mil 60,000 da mil 105,000. Toyota ta sa mil 90,000 ga injinanta V6 na wancan zamani, kimanin kilomita 145,000. Honda ta sa mil 105,000 ko shekara bakwai, duk wanda ya riga zuwa. Wannan sharaɗi na shekaru shi ake yawan tsallakewa, alhali roba tana tsufa ko mota na tafiya ko tana kwance a rumfa. Akwai kuma wani gargaɗi a littattafan Honda da ya shafe mu kai tsaye: wanda yake yawan tuƙi a wurin da zafi ke haura digiri 43, ko a sanyi mai tsanani, ya canza a kilomita 100,000. An rubuta wannan ne da tunanin hamadar Amurka da hunturun Kanada, amma wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san da shi ake.

Da mitar tafiya abin yarda ce, da lissafin ya yi sauƙi. Da farko, motar Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya ɗara kilomita 1.6. Mai ganin 150,000 a gabansa yana murna, bai san motar ta ci kilomita 241,000 ba. Sannan mayar da mita baya sana'a ce da ba a ɓoye take ba, kuma zuwan mita mai lantarki bai kashe ta ba, kwamfuta kawai ta maye gurbin sukudireba. Ko mitar ta faɗi gaskiya, juyin tayoyi take ƙirgawa. Sa'o'in da inji ya yi yana aiki a cunkoson Legas, ko a tasha da esi a kunne ana jiran fasinja, bel yana juyawa amma lamba ba ta motsi. In kuma an taɓa sauya injin, lambar ba ta da wata alaƙa da bel ɗin da ke ciki.

Akwai wani abin lura game da yadda motocin nan suke baro ƙasashensu. A Amurka da Turai kuɗin aikin hannu ne ke da tsada, canjin taimin bel yakan ci ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura dubu. Mai tsohuwar mota da aka gaya masa lokacin wannan aiki ya yi, ga kuma wasu gyare-gyaren na jira, yana da dalili mai ƙarfi na rabuwa da ita. Da yawa kuma daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart, bayan haɗari ko ambaliya. Daga filin gwanjo zuwa jirgin ruwa, zuwa Tin Can ko Kwatano, zuwa hannun dillali na uku, takardun sabis su ne farkon abin da ke salwanta. Saboda haka motar da ta iso da lamba kusa da wa'adin canji, ko kusa da ninkinsa, ta cancanci zargi na musamman.

Wani lokaci akan yi dace da shaida. Garejin ƙasashen waje sukan manna 'yar takarda a murfin bel ko a ƙarƙashin bonet, da kwanan wata da lambar mita. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana buɗe tarihin motar Amurka a wurare irin su Carfax, inda akan ga lambobin mita na baya, wani sa'in har da ayyukan da aka yi, kodayake aikin da mutum ya yi wa kansa a gida ba ya shiga. Ɗigon farin fenti a kan fulin kamshaf, ko kawunan kusoshin da sifana ta taɓa ci, suna nuna wani ya taɓa shiga wurin. Ba sa faɗin yaushe. Hilux da Hiace masu shan gas da ke da bel suna da fitila ta musamman da ke kamawa idan wa'adi ya cika, a wasunsu a kilomita 150,000. Fitilar ba ta ganin bel ɗin, lamba take bi, kuma ana iya kashe ta ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba.

Saura dubawa da ido. A yawancin injina murfin sama yana fita da kusoshi kaɗan, aikin minti goma. In aka ga tsattsagewa a bayan bel, ko gefensa ya fara fitar da zare, ko ya yi sheƙi ya ƙandare, ko ya jiƙe da baƙin mai, magana ta ƙare, kada motar ta yi doguwar tafiya. Matsalar ita ce kishiyar wannan. Bel mai kyan gani bai tabbatar da komai ba. Zaren da ke ɗauke da nauyin yana ciki, kuma sau da yawa bel ba ya ma tsinkewa biyu, haƙoransa ne suke zubewa a daidai ƙaramin fulin kiranshaf, ya tsaya da kyansa fulin na juyawa a banza. Bakaniken da ya haska fitilar wayarsa ya ce, "Maigida, wannan bel zai yi shekara biyu nan gaba," duba yake yi, ba kanikanci ba. Ƙarar da akan ji daga wajen murfin ma ba ta bel ba ce, ta boris ɗin fuli ce ko ta famfon ruwa, kuma labari ne mara daɗi, domin in ɗayansu ya cije shi zai yaga bel ɗin.

A ɗauki misalin Accord V6 ta 2004, mita na nuna mil 165,000, babu takarda babu tarihi. In mai ita na farko ya bi ƙa'ida ya canza a 105,000, bel na biyu ya ci mil 60,000, wato daidai iyakar da aka sa wa ƙasashen zafi, kuma da wuya bai haura shekara bakwai ba. In bai canza ba, na kamfani ne yake juyawa bayan shekara ashirin. Ta ko'ina aka bi, amsar ɗaya ce. Mai hankali zai sa kuɗin wannan aiki cikin farashin motar tun wurin ciniki, ya nemi ragi a kansa, ya wuce gareji kafin ya wuce gida a yi masa Allah sanya alheri. A nan lissafinmu ya fi na Amurka sauƙi, tunda aikin hannu bai kai tsadar kayan ba, kuma duka biyun ba su kama ƙafar kuɗin inji ba.

Wanda ke da sararin jinkiri shi ne mai irin waccan Camry 2.2 da ba ta fita gari, an duba bel ba mai ba tsaga, ko wanda ya sami takarda mai kwanan wata na kusa da ta dace da abin da ido ya gani. Shi zai iya fara sayen tayoyi da gyaran birki, ya ajiye bel zuwa wata mai zuwa. Wanda kuma ya sayo injin Beljiyam zai ɗora, babu lokacin da ya fi wannan: inji na ƙasa, ko'ina hannu na kaiwa, a canza kafin a ɗaga shi.

Canjin kansa yana da nasa tarkon, kuma a ganin mai wannan rubutu an fi yin asara a nan fiye da wurin jinkiri. Bel ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai abin da ke ɗame shi, akwai fulin da yake bi ta kansu, a injina da yawa kuma shi ke juya famfon ruwa. Duk tare suka tsufa. Sabon bel a kan tsohon boris rabin aiki ne, kuma in famfon ruwa ya fara yoyo bayan wata uku, sai an sake kwance duk abin da aka kwance, a sake biyan kuɗin aiki. Shi ya sa kamfanoni irin su Aisin da Gates da Continental suke sayar da su a kwali ɗaya. Robobin da ke tare mai a bakin kamshaf da kiranshaf, in suna tsattsafo, a canza su a lokacin, domin baƙin mai yana cin robar bel. Baby Boy mai silinda huɗu tana da ƙaramin bel na biyu a gefen babban, wanda in ya tsinke zai iya shiga ƙarƙashin babban ya watsa lissafi. Shi ma ba a barinsa.

Sai batun inda za a sayo. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, mai shago yakan tambaya, "Wanne za a ba ka, orijina ko mai sauƙi?" Kwalayen biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya. Jabun kaya sun yi yawa har mutane suka koma yarda da tsohon Beljiyam fiye da sabo, kuma a kan kik ko altaneta ko ƙofa suna da hujja. A kan bel ba su da ita. Bel ɗin da aka ciro daga wani inji ba wanda ya san shekarunsa, mai saye ya biya kuɗi ne ya sake sayen matsalar da ya zo gudu. Jabu kuwa ya fi muni, domin tsohon bel na kamfani yana iya fin sa nisan kwana. Araha ba ta ado. A nemi dilan da aka sani da kaya na gaskiya, a kawo lambar injin, a ƙirga haƙoran sabon a gwada da na tsohon kafin a bar shagon.

Hannun da zai ɗaura shi ma abin tantancewa ne. Akwai alamomi a kan fuli da jikin inji da dole su hau kan juna. Ba a lanƙwasa bel sosai, ba a cusa shi da sukudireba, domin zaren gilashin ciki yana karyewa ba a gani ba. Abin ɗamewa mai aiki da mai a hankali ake matse shi, ba da guduma ba. Bayan an gama, ƙwararre zai juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, ya sake duba alamomin, sannan ya taɓa makulli. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai, fitilar inji ta kama. Kuskuren haƙora da yawa a injin Honda yana iya lanƙwasa bawul tun a cikin gareji. Ba laifi ba ne mai mota ya tsaya a wurin, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire, ya sa a rubuta kwanan wata da lambar mita a manna a murfi.

Motocin da suka fara isowa yanzu sun zo da wani sabon salo. Injin Ford EcoBoost mai lita 1.0, da ya fito a 2012, da PureTech 1.2 na Peugeot da Citroën, a ƙirarsu ta farko bel ɗinsu a cikin baƙin mai yake wanka, da gangan aka ƙera shi haka don rage gogayya. Robarsa ta musamman ce, kuma tana jure irin man da kamfani ya ƙayyade ne kawai. In aka zuba wani daban, ko aka bar shi ya daɗe fetur ya gauraya da shi, bel ya fara kumbura yana zubar da ɓarɓashi, ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, inji ya buga alhali bel ɗin bai tsinke ba. A Turai ma, inda ake samun man da ya dace a kowane shago, waɗannan injina sun jawo ƙorafi mai yawa. Wanda zai sayi irinsu a nan sai ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun ainihin man, ya rage tazarar juye, ya kuma sa a sauke kaskon mai a duba rariyar tun a makon farko.